Neman gurbin mastas ko dokta a okupeshonal terafi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sune waɗanda masu son shiga wannan fanni suka fi maimaitawa, na tattara su waje ɗaya don kar mutum ya ɓata shekara guda akan abun da da an faɗa masa tun farko da ya wuce wajen. Kowace makaranta da nata sharuɗɗan, don haka duk abun da ka karanta anan ka koma shafin makarantar da kake so ka gwada shi da nasu.

Wai menene ma aikin? Ba fisiyo bane?

A'a, kuma wannan tambayar ita ce ta farko da ya kamata ka iya amsawa da bakinka kafin ka taɓa fom, saboda za'a yi maka ita a intabiyu ko ta wace siga. Mai fisiyo, wato fisiyoterafi, yafi maida hankali kan motsin jiki, ƙarfin tsoka, tafiya, ciwon gaɓoɓi. Shi kuwa mai OT, wato okupeshonal terafi, tambayarsa ita ce, wannan mutumin me yake so ya iya yi da kansa a rayuwarsa ta kullum wanda yanzu ya gagare shi, sa riga ne, wanka ne, cin abinci, rubutu a aji, komawa wajen aiki, tuƙi? Daga nan sai ya duba ko mutumin za'a horar, ko hanyar yin abun za'a canza, ko ɗakin da kayan aikin za'a gyara. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye misali, ana koya masa ya fara zura hannun da ya mutu a hannun riga kafin mai lafiyar, in zai cire kuma mai lafiyar ke fara fita, ƙaramin abu ne a ido amma shi ke raba wanda zai jira a zo a shirya shi da wanda zai shirya kansa.

Kuma ba jiki kaɗai ba, fannin ma daga kula da masu taɓin hankali ya samo tushe. A 1917 aka kafa ƙungiyarsu ta farko a Clifton Springs dake jihar New York, wadda daga baya ta zama AOTA, ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka, cikin waɗanda suka kafa ta akwai Eleanor Clarke Slagle da likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton, sannan yaƙin duniya na ɗaya ya ƙara bunƙasa aikin saboda sojojin da suka dawo da raunuka. Ƙungiyar duniya WFOT kuma a 1952 aka kafa ta.

Dole sai digirina na farko ya zama na fannin lafiya?

Ba dole bane a yawancin makarantu. Ana ɗaukan masu saikoloji, bayoloji, ilimin motsa jiki, koyarwa, zamantakewa, kai har masu zane da waƙa suna shiga. Abun da ake dubawa shine ka kammala digirin daga jami'ar da aka yarda da ita kuma kayi kwasa-kwasan share fage da suka lissafa. A Ingila wasu jami'o'in sun fi son digiri mai alaƙa da lafiya ko zamantakewa, wasu kuma kowane iri ne in dai kana da gogewar kula da mutane.

Mastas zan nema ko dokta?

A Amurka tun 2007 ba'a shiga aikin da digirin farko, sai mastas ko dokta ta aiki wato OTD. Anyi yunƙurin maida shi dokta zalla daga 2027 amma a 2019 aka janye, don haka dukansu biyun suna aiki, jarabawa ɗaya zaku rubuta, lasisi ɗaya zaku karɓa, kuma a asibiti majinyaci iri ɗaya zaku gani. Mastas kan ɗauki shekara 2 zuwa 2 da rabi, dokta kusan 3, saboda ita akwai ƙarin aikin ƙarshe na mako 14 da zaka zaɓi wani ɓangare ka zurfafa a ciki, bincike ko shugabanci ko koyarwa ko tsara wani shiri.

Ni a ganina in burinka kawai ka duba majinyata toh mastas ta isheka, ka fito da wuri da bashi kaɗan. In kuma kana hango koyarwa a jami'a ko jagorantar sashe, dokta na da amfani, amma ka sani OTD ba PhD bace, mai son ya zama ɗan bincike na gaske PhD zai nema daga baya. A Kanada mastas ce ƙofar shiga. A Ingila kuma ana shiga da digirin farko, sai dai akwai mastas ta shekara 2 da aka tsara don wanda ya riga yayi digiri a wani fanni.

Ta yaya zan gane makarantar da aka amince da ita?

Nan ne nake so ka tsaya sosai. Ka fara tambayar kanka a wace ƙasa kake son yin aiki, amsar ita zata zaɓa maka makaranta ba kyan hoton gininsu ba. A Amurka hukumar ACOTE ke tantance shirye-shiryen, kuma in shirin bai samu amincewarta ba baza ka zauna jarabawar NBCOT ba, wato hukumar dake bada shaidar ƙwarewa a fannin, in babu jarabawar babu lasisin jiha, shikenan ka biya kuɗin shekaru ka fito da takardar da baza kayi aiki da ita ba. A Ingila HCPC ce ke amincewa da kwas kuma ita ke yiwa mutum rajista. WFOT ma tana da jerin makarantun da suka cika ƙa'idarta a ƙasashe daban-daban, cikin ƙa'idar akwai awa 1,000 na koyon aiki a fili, wannan jerin na taimakawa wanda yake tunanin wata rana zai canza ƙasa.

Sabbin shirye-shirye kan rubuta cewa suna kan hanyar samun amincewa. Ba ƙarya sukeyi ba, haka tsarin yake, amma kai ne ka ɗauki kasadar, don haka ka tura musu imel ka tambaya a wane mataki suke kuma me zai faru da ɗalibai in ba'a basu ba. Ka kuma duba yawan ɗalibansu dake cin jarabawar NBCOT, ana wallafa wannan a fili.

Waɗanne kwasa-kwasai ake so nayi kafin na nema?

Waɗanda kusan ko'ina zaka gani sune anatomi da fisiyoloji, yawanci tare da lab, sai istatistiks, saikolojin matsalolin ƙwaƙwalwa, ci gaban ɗan adam daga haihuwa zuwa tsufa, da soshiyoloji ko antiropoloji. Wasu na ƙara kalmomin likitanci, wasu fiziks ko ilimin motsin jiki. Abubuwa biyu ke kada mutane anan, na farko wasu makarantun basa karɓar kwas ɗin da ya tsufa, ace ya wuce shekara 5 ko 7 ko 10 ya danganta, musamman anatomi, na biyu kuma kwas ɗin ci gaban ɗan adam sai ya haɗa duk tsawon rayuwa, in na yara kaɗai kayi za'a iya ce maka bai cika ba. Da yawa suna yarda ka nema alhali saura kwas ɗaya ko biyu, in dai zaka gama kafin a fara karatu.

Sakamakona ba wani mai ƙarfi bane, na haƙura?

Kar ka haƙura tukunna. Mafi ƙarancin da aka fi sawa a Amurka shine GPA 3.0 cikin 4.0, amma gaskiya waɗanda ake ɗauka yawanci sun haura haka. A Ingila kuma 2:1 aka fi nema, wasu na karɓar 2:2. Sai dai ba lamba ɗaya ake kallo ba, ana ware sakamakon kwasa-kwasan share fage daban, wasu kuma suna duba shekaru biyun ƙarshe, kaga wanda ya fara da rauni ya gyara daga baya yana da abun nunawa. In anatomi ɗinka ne ya lalace ka sake shi ka ci da kyau, amma ka sani tsarin OTCAS, shafin da ake neman gurbi ta cikinsa a Amurka, yana lissafa duk zaman da kayi, tsohon makin baya ɓacewa, ita makarantar ce zata yanke yadda zata kalle shi.

Menene maganar awannin kallon aiki?

Shine kaje ka bi ƙwararren mai OT kana kallon yadda yake aiki. Wasu makarantun na sa adadi, awa 20 ko 40 ko fiye, wasu sun maida shi shawara kawai, wasu ma sun cire. Ko an cire kai kayi, wallahi wannan shine abun da yafi komai nuna bambanci tsakanin masu nema, don wanda ya gani da idonsa daban yake magana da wanda ya karanta a intanet, kuma malaman dake zaune a kwamitin sun shekara suna wannan aikin, jimla biyu zakayi su gane wanne ne kai.

Kar ka tara awanninka duka a waje ɗaya. Kaje asibiti ka ga wanda aka yiwa aiki a ƙugu ana nuna masa yadda zai sa safa da wata 'yar na'ura mai igiya ba tare da ya sunkuya ba, kaje makaranta ka ga yaron da baya iya riƙe fensir ana sa shi yana tsintar ƙananan abubuwa da yatsu uku kafin ma a kawo maganar rubutu, in ka samu dama kaje gidan tsofaffi, sashen masu taɓin hankali, ko wajen masu gyaran hannu inda ake tausasa roba a ruwan zafi a lanƙwasa ta daidai da hannun mutum. Kullum in ka dawo ka rubuta abun da ka gani, me majinyacin yake so ya iya, me aka gwada, me yasa aka canza dabara, amma banda suna ko wani abu da zai sa a gane mutum, sirrin majinyaci ba abun wasa bane. Ka rubuta rana da awa da sunan wanda ka bi, ka sa ya sa maka hannu tun kana wajen, don bayan wata shida nemo shi wahala ne.

Kuma in an samu sarari ka tambaye shi, me yasa kika fara da wannan, me yasa baka taimaka masa ba da ya kasa? Sau da yawa amsar ta biyun ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, sai ka ga ƙwararren ya naɗe hannu yana kallon mutum yana fama da maɓalli ɗaya har minti biyar, ba rashin tausayi bane, in ya ɓalla masa yau gobe ma sai an ɓalla masa.

Me zan rubuta a bayanin kaina?

Kusan kowa cewa yake ina son taimakon mutane. Gaskiya ne amma nas ma tana taimakon mutane, likita ma haka, malami ma haka, toh me yasa wannan fannin? Wannan ce tambayar da rubutun zai amsa. Ka ɗauko abu ɗaya ko biyu da ka gani da idonka ka faɗe su dalla-dalla, sannan ka faɗi me suka canza a tunaninka, kar ka maida shi jerin abubuwan da suke cikin CV ɗinka, suna da CV ɗin a gabansu.

In wani naka ne yayi rashin lafiya har ka san fannin ta dalilinsa babu laifi ka faɗa, amma kar labarin ya cinye shafin duka, kai ake son ɗauka, saboda haka ka nuna me kayi bayan nan. In akwai shekarar da sakamakonka ya faɗi kayi bayani a taƙaice ba tare da ɗora laifi akan kowa ba. Sannan ka kula da yadda kake maganar masu buƙata ta musamman, rubutun da ya maida su abun tausayi kai kuma mai ceto baya yiwa malaman fannin daɗi ko kaɗan, su tare da mutum suke aiki, shi ke faɗin burinsa. Ka baiwa mutum biyu su karanta, ɗaya a cikinsu ya zama mai aikin, kuma ka rubuta da kanka, saboda ranar intabiyu daga cikinsa za'a ciro tambaya.

Wa zai rubuta mun wasiƙar shaida?

Uku aka fi nema. Malamin da ya koyar da kai, mai OT ɗin da ka bi, sai shugabanka a wajen aiki ko aikin sa kai. Banda 'yan uwa da abokai. Wanda ya sanka sosai yafi mai babban muƙamin da bai san fuskarka ba, ka basu aƙalla wata guda, ka tura musu CV da bayanin kanka.

GRE fa, da jarabawar Turanci?

Makarantu da yawa sun daina neman GRE, wato jarabawar shiga karatun gaba da digiri, don haka ka fara fitar da jerin makarantunka kafin ka biya kuɗinta. A Kanada da wasu wurare ana neman Casper, jarabawa ce ta intanet da ake baka wani yanayi a ga yadda zaka yanke hukunci. TOEFL ko IELTS kuma in kazo daga waje, kuma makin da suke so a fannin lafiya yakan ɗara na sauran kwasa-kwasai tunda da majinyata zaka yi magana, sakamakon shekara 2 kawai yake aiki. Wasu na yafewa wanda yayi digirinsa da Turanci, amma a rubuce zaka nemi wannan yafiyar, kar kayi zato.

Yaya OTCAS yake, kuma yaushe zan fara?

OTCAS shafi ne ɗaya da yawancin makarantun Amurka ke amfani dashi, ka cike sau ɗaya ka tura wa da yawa, kowace ƙarin makaranta da kuɗinta, wasu kuma suna da ƙarin tambayoyinsu ko nasu fom ɗin daban. Yakan buɗe a watan Yuli don masu fara karatu shekara mai zuwa. Abun da mutane basa lissafawa shine bayan ka tura sai sun tantance takardun sakamakonka da abun da ka shigar, wannan kan ɗauki makonni in lokacin cunkoso ne, kuma wasu makarantun ranar rufewarsu tana nufin an gama tantancewa ba wai ka danna tura ba. Da yawa kuma suna ɗauka ne yadda fom ke shigowa, kujeru na cika tun kafin ranar ƙarshe, shi yasa mai turawa a Agusta yafi mai jiran Disamba dama ko da takardunsu iri ɗaya ne. A lardin Ontario na Kanada ORPAS ake bi, shi a farkon Janairu yake rufewa. A Ingila mastas yawanci kai tsaye ake nema a shafin jami'ar.

Ka fara shiri shekara guda kafin buɗewar, don kwas ɗin da ya rage da awannin kallo ba'a haɗa su a sati biyu.

Me ake tambaya a intabiyu?

Menene OT a fahimtarka, me ya bambanta shi da fisiyo, bamu labarin lokacin da kuka samu saɓani a aikin haɗin gwiwa, me zakayi in majinyaci yaƙi yin abun da ka tsara masa. Wani wajen mutum biyu ko uku ne zasu zauna dakai, wani wajen a rukuni ake yi ana kallon ko kana barin wasu suyi magana, wasu kuma suna amfani da MMI, tsarin da jami'ar McMaster ta fara, inda zaka bi tashoshi gajeru kowacce da tambayarta da mai makinta. Kar ka haddace amsa, ana ji. Ka gwada bayyana aikin cikin minti ɗaya ga wanda bai taɓa jinsa ba, in ya gane toh ka shirya.

Ni daga wata ƙasa nake nema, me zai ƙaru a kaina?

Auna takardun karatunka, yawanci ta WES, cibiyar dake gwada takardun waje da ma'aunin ƙasar da kake nema, kuma jami'arka ce zata tura musu kai tsaye, wannan shi yafi komai cin lokaci don haka da shi zaka fara. Ka tabbatar ma shirin na ɗaukan ɗaliban waje, ba duka keyi ba, musamman a Kanada inda kujerun ke da iyaka. In an ɗauke ka a Amurka zasu baka takardar I-20 bayan ka nuna shaidar kuɗi, da ita zaka nemi bizar F-1, a Ingila kuma lambar CAS ce.

Zan iya aiki ina karatun? Akwai tallafi?

Kaɗan-kaɗan a shekarar farko, amma kar ka gina lissafinka akai. Bizar ɗalibi a Amurka da Ingila awa 20 a sati ta yarda lokacin karatu, a Amurka ma cikin makaranta kawai da farko. Sannan akwai babban koyon aiki a fili da ake kira mataki na biyu, a Amurka aƙalla mako 24 ne cikakken lokaci, yawanci a raba shi 12 da 12, kusan kullum ba biya, wani lokacin ma a wani gari da sai ka kama ɗaki. Tallafi akwai amma baya da yawa kamar na masu PhD, kuma bashin karatu na gwamnatin Amurka ba'a baiwa ɗaliban waje. Ka tambayi sashen kai tsaye ko suna da gurbin mataimakin malami ko na bincike.

Ina da digirin OT tun daga farko, wanne zan nema?

Ba irin wanda muke ta magana akai ba. Akwai shirin shiga aiki na sababbi, akwai kuma na ƙarin ilimi don wanda ya riga ya ƙware, shi yafi gajarta kuma da yawa ta intanet ake yi. In burinka aiki a Amurka ne ka fara karanta tsarin OTED na NBCOT, shi ke auna karatun waɗanda suka yi a waje kuma yana neman ya kai matakin mastas, sai ka zaɓi shirin da zai cike maka giɓin.

Ina da lalura a jikina, ko na taɓa samun matsala da shari'a, zai hana?

Lalura bata hanawa kai tsaye, akwai ƙwararru a fannin da suke da ita, ka karanta jerin abubuwan da makarantar tace dole ɗalibi ya iya, ka yi magana da ofishin dake kula da wannan akan sauƙin da za'a iya yi maka. Maganar shari'a kuma kar ka ɓoye, ana binciken tarihin mutum kafin a tura shi koyon aiki, a Ingila DBS ake cewa, NBCOT ma tana da hanyar da zaka nemi ta duba lamarinka tun kafin ka fara karatu. Za'a kuma nemi shaidar rigakafi irin na ciwon hanta da gwajin tarin fuka.

Basu ɗauke ni ba, yanzu fa?

Abun da ciwo, amma kujerun kaɗan ne kuma mutane da yawa sai a karo na biyu suke shiga. In jerin jira aka saka ka ka amsa musu da wuri cewa kana so, ana kira daga ciki har dab da fara karatu. In ƙi ne gaba ɗaya ka bari a kwana biyu sannan ka tura imel cikin ladabi ka tambaya ina ne raunin, wasu zasu faɗa maka wasu baza su amsa ba. Shekarar da ka samu ka nemi aikin mataimaki a sashen farfaɗo da majinyata ko makarantar yara masu buƙata ta musamman ko gidan tsofaffi, ka sake kwas ɗin da ya ja ka baya, ka ƙara makarantu a jerinka, kuma bayanin kanka sabo zaka rubuta, kar ka sake tura na bara don wasu makarantun suna ajiye tsohon fom suna gwadawa.